Cutar Graves: Hanyoyin Maganinta da Batun Ko Ana Warkewa

Gabatarwa

Akan sami mace mai shekara 30 ko 40 da haihuwa, wadda ba ta taɓa yin doguwar jinya ba, ta wayi gari tana ramewa alhali kuwa cin abincinta ƙaruwa ya yi. Zuciyarta tana bugawa da sauri ko da a zaune take, hannuwanta suna rawa idan ta ɗauki kofi, ga zufa ko a tsakiyar hunturu, ga rashin barci da saurin fushi. Bayan 'yan watanni sai gaban wuyanta ya kumbura, idanunta su firfito kamar wadda aka tsorata. A gida sai ra'ayi ya rabu: wasu su ce ciwon suga ne, wasu su ce tarin fuka, wasu kuma su ce iska ce ko sammu. Sau da yawa kuwa abin da ke damunta shi ne ciwon da likitoci ke kira cutar Graves.

Da zarar an faɗa wa majinyaci sunan cutar, tambayar da yakan fara yi ita ce ko ana warkewa. Amsar ba ta fita da kalma ɗaya, domin cutar tana da rassa biyu: akwai gaɓar da ke aiki fiye da kima, akwai kuma garkuwar jiki da ke tunzura ta. Magungunan da ake da su sun fi ƙarfin reshe na farko, amma har yanzu ba su da cikakken iko a kan na biyu. Sai an fahimci wannan bambanci sa'an nan za a gane abin da kalmar warkewa take nufi a nan.

Tayirod da aikinta

A gaban wuya, ƙasa kaɗan da maƙogwaro, akwai wata 'yar gaɓa mai laushi mai siffar malam-buɗe-littafi, wadda nauyinta yake wajen giram 20 a jikin baligi. Ita ake kira tayirod. Aikinta shi ne ta tsamo sinadarin aidin daga cikin jini, ta haɗa wasu sinadarai biyu masu kai saƙo ga sassan jiki, irin waɗanda masana ke kira homon. Na farko shi ne tayiroksin, wanda ake taƙaitawa da T4 saboda yana ɗauke da ƙwayar zarra 4 ta aidin. Na biyu shi ne T3, mai ɗauke da guda 3, kuma shi ya fi ƙarfi. Waɗannan biyu su ke ƙayyade saurin da jiki ke ƙona abinci ya sami ƙarfi da ɗumi. Idan sun yi yawa komai na jiki sai ya shiga gaggawa, idan kuma sun yi ƙaranci sai komai ya yi sanyi.

Tayirod ba ta aiki da ra'ayin kanta. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata gaɓa da ba ta wuce girman ƙwayar wake ba, ana kiranta fituwitari, ita ce ke aiko da umarni ta hanyar wani homon mai suna TSH. A jikin ƙwayoyin halittar tayirod akwai wurin karɓar wannan saƙo, kamar yadda kwaɗo ke karɓar makullinsa. Idan tayiroksin ya ragu a cikin jini sai fituwitari ta ƙara aiko da TSH, idan ya wadata sai ta rage. Da haka ake samun daidaito.

Inda matsalar take

Garkuwar jiki tana ƙera wasu sinadarai da ake kira antibodi, waɗanda aikinsu shi ne su gane ƙwayoyin cuta su manne musu. A cutar Graves garkuwar takan yi kuskure ta ƙera wani antibodi wanda ya dace da kwaɗon nan na TSH. Sai ya yi sojan gona, ya shiga ya buɗe, tayirod kuwa ta ɗauka umarni ne daga sama, ta duƙufa aiki dare da rana har ta kumbura. Fituwitari takan lura tayiroksin ya yi yawa ta daina aiko da TSH baki ɗaya, amma hakan ba ya tsinana komai, domin wanda ke riƙe da makullin yanzu ba ya ƙarƙashin ikonta. Likitoci suna kiran wannan antibodi TRAb. Ke nan ita tayirod lafiyarta ƙalau, biyayya kawai take yi ga umarnin ƙarya.

An daɗe kafin a gano haka. Wani likitan Ingila, Caleb Parry, ya lura da cutar tun a 1786, amma ba a buga bayaninsa ba sai a 1825, bayan rasuwarsa. Robert Graves na birnin Dabulin a ƙasar Ayalan ya bayyana ta a 1835, Karl von Basedow na Jamus kuma a 1840, shi ya sa a ƙasashen Turai da dama ake kiranta cutar Basedow. Sai a 1956 ne masana biyu a Niyu Zilan, Adams da Purves, suka gano cewa a jinin masu cutar akwai wani abu dabam da TSH da ke tunzura tayirod. A 1964 aka tabbatar da cewa antibodi ne.

Cutar ta fi kama mata, ninki 5 zuwa 10 a kan maza, kuma ta fi bayyana tsakanin shekara 30 da 50. Gado yana da hannu a ciki, amma ba shi kaɗai ba ne: ko a tsakanin tagwaye masu kama ɗaya, sau da yawa ɗaya ne ke kamuwa ɗayan ya tsira. Shan taba, da tsananin damuwa, da watannin da ke biyo bayan haihuwa, duk suna cikin abubuwan da kan tayar da ita ga wanda jikinsa ke da shirin kamuwa.

Ba kowane maƙoƙo ba ne

Maƙoƙon da aka fi sani a ƙasar Hausa da maƙwabtanta shi ne wanda ƙarancin aidin a cikin abinci ke jawowa, wanda saboda shi ne Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishiri tun farkon shekarun 1990. A irin wannan maƙoƙo tayirod tana kumbura ne don neman abin aikin da ta rasa. A cutar Graves kuwa kumburin na yawan aiki ne, don haka ƙarin aidin ba maganinta ba ne, yana ma iya ƙara rura wutar. Haka nan tsaga ko sakiya a kan kumburin haɗari ne babba, domin tayirod mai wannan cuta cike take da jini, ga kuma manyan hanyoyin jini a gefenta.

Gwajin jini ne ke raba gardama. A cutar Graves akan tarar TSH ya faɗi ƙasa ƙwarai, T4 da T3 sun hau, sa'an nan idan an auna TRAb a same shi.

Barin cutar ba magani yana da mugun sakamako. Bugun zuciya yakan hargitse, abin da kan kai ga gazawar zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Ƙashi yakan zaizaye ya riƙa karyewa da sauƙi. Mace tana iya fama da rikicewar al'ada da ɓari. Mafi muni shi ne cutar ta tashi gaba ɗaya a lokacin wata rashin lafiya ko haihuwa, da zazzaɓi mai zafi da gushewar hankali. Wannan yanayi yana kashe kusan mutum 1 cikin 10, ko fiye, ko da an kai asibiti.

Hanya ta farko: ƙwayoyin magani

A 1943 wani likita a birnin Bostan na Amurka, Edwin Astwood, ya fara yi wa masu cutar magani da sinadaran da ke hana tayirod haɗa homon. Jikokin waɗannan sinadarai su ake amfani da su a yau: kabimazol, wanda aka fi samu a Ingila da Nijeriya, da metimazol, wanda aka fi sani a Amurka, da kuma wanda ake kira PTU. Kabimazol idan ya shiga jiki metimazol yake komawa. Dukkansu suna toshe matakin da tayirod ke ɗaura aidin a jikin homon.

Maganin ba ya taɓa homon ɗin da aka riga aka haɗa, ita kuwa tayirod tana da rumbu mai ɗauke da ajiyar makonni da yawa. Saboda haka akan ɗauki mako 4 zuwa 8 kafin gwajin jini ya daidaita. A wannan tsakani likita yakan haɗa da wani magani, furofuranolol, mai rage gudun zuciya da rawar hannu. Shi wannan sauƙi kawai yake kawowa, kuma ba a ba mai ciwon asma.

Akan ci gaba da shan magani wata 12 zuwa 18, ana rage yawansa a hankali bisa ga abin da gwaji ya nuna. A cikin wannan lokaci, a jikin mutane da yawa, TRAb yakan ragu har ya ɓace. Idan an dakatar da magani, kusan rabin majinyata sukan zauna lafiya. Sauran rabin kuwa cutar takan dawo musu, galibi a cikin shekarar farko. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. Waɗanda cutar ta fi komowa gare su su ne masu babban maƙoƙo, da masu ƙananan shekaru, da masu shan taba, da waɗanda TRAb bai sauka ba har lokacin dakatar da magani. Shi ya sa ake son a auna shi kafin a ce a daina.

A da, da zarar cutar ta dawo sai a wuce zuwa tiyata ko aidin mai tururi. Yanzu an yarda mutum yana iya zama a kan ɗan ƙaramin awo na maganin har shekaru. Wani bincike da aka yi a birnin Tehran na Iran, aka buga a 2019, ya kwatanta waɗanda suka sha metimazol na kimanin shekara 2 da waɗanda suka sha na shekara 5 zuwa 10. Cikin shekara 4 bayan dakatarwa, cutar ta dawo wa kashi 53 cikin 100 na rukunin farko, amma kashi 15 kacal na rukuni na biyu.

Akwai gargaɗi guda da ya wajaba kowane mai shan waɗannan ƙwayoyi ya riƙe. A jikin mutum 2 zuwa 5 cikin 1,000, maganin yakan karya fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, galibi a cikin wata 3 na farko. Alamar ita ce zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki. A inda aka saba ɗaukar kowane zazzaɓi a matsayin na cizon sauro, a je kemis a sayi magani, wannan alama tana iya wucewa ba a lura ba, har rai ya salwanta. Ƙa'idar ita ce a dakatar da maganin nan take, a je a ƙirga fararen ƙwayoyin jini a ranar. Haka kuma idan idanu suka yi ɗorawa irin ta shawara, ko fitsari ya yi duhu, alama ce ta taɓuwar hanta. PTU ya fi yin wannan illa, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta babban gargaɗi a kansa a 2010. Don haka ba a fara zaɓarsa sai a wasu halaye, musamman wata 3 na farkon ciki, lokacin da kabimazol ke iya jawo wa ɗan tayi naƙasa.

Hanya ta biyu: aidin mai tururin nukiliya

Tayirod ce gaɓar da ta fi kowace kwasar aidin a jiki, kuma a kan wannan ɗabi'a tata aka gina hanya ta biyu. A 1941 Saul Hertz, shi ma a Bostan, ya fara ba mai wannan cuta aidin mai fitar da tururin nukiliya. Irin da ake amfani da shi a yau shi ne aidin-131. Majinyaci yakan haɗiye shi sau ɗaya, a ƙwanso ko a ruwa, sai tayirod ta tattara shi a cikinta. Tururin da ke yin aikin ba ya ratsa nama fiye da milimita 2, saboda haka ƙwayoyin halittar tayirod yake kashewa. A kowane kwana 8 ƙarfinsa yana raguwa da rabi, wanda tayirod ba ta kama ba kuma yana fita ta fitsari.

Sha ɗaya yana kawo ƙarshen yawan aikin tayirod ga mutum 8 zuwa 9 cikin 10, sauran kuma a maimaita musu. Amma mafi yawan waɗanda suka sha, cikin wata 2 zuwa 6 tayirod ɗinsu takan koma ba ta iya biya wa jiki bukatarsa, sai su shiga shan tayiroksin. Likitoci ba sa ɗaukar wannan a matsayin kuskure, domin shi ne sakamakon da ake sa rai. Ba a ba mai ciki ko mai shayarwa, kuma akan nemi mace ta jinkirta ɗaukar ciki har wata 6. Na 'yan kwanaki bayan sha, akan umarci majinyaci ya nisanci ƙananan yara da masu ciki. Asibitocin da ke da kayan yin wannan magani kaɗan ne a Afirka ta Yamma, shi ya sa ƙwayoyi da tiyata suka fi yawa a yankin.

Hanya ta uku: tiyata

Ita ce mafi daɗewa. A tsakiyar ƙarni na 19 yanka tayirod kusan hukuncin kisa ne saboda zubar jini da ruɓewar rauni, sai da Theodor Kocher na Suwizalan ya gyara dabarun aikin, abin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 1909. A yau akan cire tayirod duka ko kusan duka, bayan an fara daidaita homon da ƙwayoyi, domin yanka ta tana tsaka da gudu yana iya tayar da mugun yanayin nan da aka ambata.

Tiyata ta fi dacewa da mai babban maƙoƙo da ke danne hanyar numfashi, da wanda ake zargin akwai ciwon daji a cikin kumburin, da mai tsananin ciwon ido, da macen da ke son ɗaukar ciki ba da daɗewa ba. Haɗarinta biyu ne manya. A bayan tayirod akwai jijiyar da ke sarrafa murya, idan aka ji mata rauni murya takan dushe. Akwai kuma wasu 'yan gaɓoɓi 4, kowace kamar ƙwayar shinkafa, masu daidaita sinadarin kalsiyam a cikin jini. A hannun likitan da ya saba da wannan aiki, illa mai ɗorewa ba ta cika wuce mutum 1 ko 2 cikin 100 ba. Wanda aka cire wa tayirod duka, tilas ya sha tayiroksin muddin rai.

Rayuwa da tayiroksin

Shan magani har abada abu ne mai nauyi a zuciya, amma ya kamata a san cewa ƙwayar tayiroksin daidai take da wanda jiki ke haɗawa. Akan sha ta sau ɗaya a rana, da ruwa, kafin karin kumallo da rabin awa zuwa awa ɗaya, a kuma raba ta da maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ko na kalsiyam da awa 4. Idan awon ya daidaita, gwajin TSH sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar. Gail Devers, 'yar tseren Amurka, an gano tana da cutar Graves a 1990, aka yi mata magani da aidin mai tururi, sa'an nan ta ci lambar zinariya a tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Basalona a 1992, ta sake ci a Atlanta a 1996. Shugaban Amurka George Bush babba, an gano tasa a 1991 bayan bugun zuciyarsa ya hargitse, aka yi masa irin wannan magani, ya rayu har 2018, yana da shekara 94.

Abin da cire tayirod ba ya gyarawa

Abubuwa biyu suna nuna cewa asalin cutar a garkuwar jiki yake. Na farko shi ne ido. Naman da ke bayan ido shi ma yana da irin kwaɗon nan, don haka garkuwar takan kai masa hari ya kumbura ya turo idon waje. Kusan mutum 1 cikin 4 na masu cutar suna samun taɓuwar ido, ko da yake kaɗan ne abin ke tsananta musu har su riƙa ganin abu biyu-biyu ko ganinsu ya shiga haɗari. Ciwon idon yana bin tafarkinsa dabam, yana iya bayyana ko bayan an cire tayirod. Aidin mai tururi yakan ƙara shi a wasu lokuta, musamman ga mashaya taba, don haka akan haɗa musu da maganin sitiroyid. A 2020 Amurka ta amince da wani sabon magani na ciwon idon, tefurotumumab, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin majinyata. Abu mafi amfani da majinyaci zai yi wa idonsa da kansa shi ne barin taba.

Na biyu shi ne ciki. Macen da aka cire wa tayirod shekaru da suka wuce, tana shan tayiroksin lafiya lau, mai yiwuwa ne har yanzu akwai TRAb a jininta. Ita ba ya ƙara mata homon tun da babu tayirod ɗin da zai tunzura, amma yana iya ratsa mabiyiya ya tunzura tayirod ɗin ɗan da ke cikinta. Hakan ba ya faruwa da yawa, kuma yakan wuce cikin 'yan makonni ko watanni bayan haihuwa, amma yana da haɗari idan ba a sani ba. Saboda haka duk macen da ta taɓa yin wannan cuta, ya wajaba ta faɗa wa ma'aikatan awon ciki tun zuwanta na farko, ko da tana ganin ta daɗe da warkewa.

To, ana warkewa?

Idan abin da ake nufi da warkewa shi ne a kawo ƙarshen yawan aikin tayirod, zuciya ta natsu, jiki ya murmure, mutum ya koma sana'arsa da iyalinsa, to ana warkewa, kuma kusan kowa yana iya samun wannan ta ɗaya daga cikin hanyoyin uku. Idan kuwa ana nufin a zauna da tayirod lafiyayya ba tare da shan komai ba, wannan rabo ne na kusan rabin waɗanda suka bi hanyar ƙwayoyi, kuma likitoci sun fi son su kira shi lafawa, domin cutar tana iya farkawa bayan shekaru, musamman bayan haihuwa. Idan kuma ana nufin a goge kuskuren garkuwar jiki ta yadda ba zai sake tashi ba, to babu maganin da ke ba da wannan tabbaci tukuna. Masana suna gwada magungunan da za su rage TRAb kai tsaye ko su toshe kwaɗon da yake buɗewa, amma ba su zama maganin yau da kullum ba.

Kammalawa

Zaɓi tsakanin hanyoyin uku ya dogara ga shekarun majinyaci, da girman maƙoƙon, da halin idanu, da niyyar haihuwa, da kuma abin da ake iya samu a kusa. Mai bin hanyar ƙwayoyi yana riƙe da tayirod ɗinsa amma yana zaune da yiwuwar komowar cutar. Mai bin sauran hanyoyin biyu ya rabu da wannan fargaba, amma ya ɗauki nauyin ƙwaya ɗaya kowace safiya. Ko wacce aka bi, abubuwa huɗu ba sa canzawa: kada a daina magani don an ji sauƙi sai likita ya ce, a riƙa zuwa gwajin jini a kan lokaci, a bar taba, sa'an nan mai shan kabimazol ko PTU ya ɗauki zazzaɓi da ciwon maƙogwaro a matsayin abin gaggawa. Wanda kuma aka ce cutarsa ta lafa, ya ci gaba da auna TSH aƙalla sau ɗaya a shekara, ya koma asibiti da zarar ya ga rama ko bugun zuciya sun dawo.